Gwanintar Hannu da Sanin Fage a Sana'ar Tsara Manhaja: Misali daga Ƙasar Gwarzo da Kabo

Sana'ar tsara manhajar kwamfuta tana cikin sana'o'in da samarin ƙasar Hausa su ke nema ƙwarai a wannan zamani. Manhaja ita ce jerin umarnin da a ke rubuta wa na'ura don ta bi, ko na'urar babba ce irin ta banki, ko kuwa wayar da ke cikin aljihun manomi. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta buɗe wani shiri na koya wa mutum miliyan uku ire-iren wannan aiki, makarantu kuma suna ta ƙara azuzuwa dominsa. Saboda haka ya kamata malamai su san abin da sana'ar ta ƙunsa, don kada su ɗora ɗalibi a kan rabin hanya yana tsammani ya kai.

Ilmi iri biyu ne mai wannan sana'a ya ke bukata. Na farko shi ne gwanintar hannu, watau sanin harsunan da a ke yi wa kwamfuta umarni da su, da yadda a ke shirya rumbun bayanai, da yadda a ke gwada aiki a tabbata ba shi da ɓaraka. Na biyu shi ne sanin fage, watau sanin al'amarin da za a yi wa manhajar, ko asibiti ne, ko kasuwa, ko gona, ko kotu. Abin da wannan takarda ta ke so ta nuna shi ne, wurin da ilmin nan biyu su ke haɗuwa shi ne kalma. Duk akwatin da mai manhaja ya buɗe cikin rumbunsa sai ya ba shi suna, sunan kuwa da'awa ce a kan yadda duniya ta ke. In da'awar ta yi daidai da abin da mutanen wurin su ke nufi, aiki ya tsaya. In ta kauce, gwaninta ba ta gyara shi, sai dai ta ƙara wa kuskuren sauri.

Asalin maganar

Haɗuwar lissafi da sanin fage tsohon abu ne. Muhammadu ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya zauna Bagadaza cikin ƙarni na tara, shi ne ya wallafa littafin da aljabara ta samo sunanta daga gare shi, daga sunansa kuma Turawa suka samo kalmar da su ke kiran tsararriyar hanyar lissafi da ita, wadda manhaja ta ke tafiya a kanta. Babban kashi na ƙarshen littafin nan nasa a kan wasiyya da rabon gado ya ke. Watau tun farko mai lissafin ya zauna ya koyi hukuncin malaman fiƙihu kāna ya sa alƙalami.

Misali ɗaya daga ilmin gado ya isa ya bayyana dalili. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Rabon miji rabi ne, na 'yan'uwan kuwa sulusi biyu. In aka kasa dukiyar kashi 6, miji yana da 3, su suna da 4, jimla 7, ga shi kuwa 6 ne kaɗai a ƙasa. Wanda ya iya na'ura amma bai karanta gado ba, ko dai manhajarsa ta tsaya ta ce an yi kuskure, ko ta cire wa miji rabinsa cif ta bar wa matan saura. Malamin gado ya san wannan shi a ke kira auli: sai a mai da kason 7, miji ya ɗauki 3 daga ciki, 'yan'uwa 4, ragin ya faɗa wa kowa gwargwadon rabonsa. Rubuta wannan ga kwamfuta aikin 'yan mintoci ne. Sanin cewa akwai shi, shi ne abin da ke bukatar zama gaban malami.

Masu sana'ar su ma sun daɗe da lura da haka. Sunan da a ke kiranta da shi yanzu ya bazu ne daga wani taro da aka yi a Garmisch ta ƙasar Jamus a 1968, sa'ad da manyan ayyuka suka riƙa wuce lokaci da kuɗin da aka yanka musu. A 1986 Fred Brooks, wanda ya shugabanci wani babban aiki na kamfanin IBM, ya bayyana cewa mafi wuyar aikin duka shi ne tantance abin da za a gina. A 2003 kuma Eric Evans ya wallafa littafi guda a kan cewa lalle mai manhaja da masanin fage su yarda a kan kalmomi iri ɗaya, waɗanda za su fito a bakinsu su kuma fito cikin rubutun umarnin.

Taswirar shan inna

Babban misalin da ya faru a ƙasar Kano shi ne na yaƙi da cutar shan inna. A 2003 an dakatar da rigakafin cutar a Jihar Kano saboda shakkar da jama'a suka yi wa maganin, ba a koma ba sai cikin Yuli na shekarar da ta biyo, watau 2004. Ko bayan an koma, cutar ba ta yanke ba. A 2012 an sami yara 122 da ta kama a Nijeriya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, akwai ƙauyuka da unguwannin da masu ɗigon magani ba su zuwa, don ba su cikin taswirar da a ke aiki da ita. Taswirar nan da hannu a ke zana ta, mai kula da kowace mazaɓa ya zana abin da ya tuna. Ƙauyen da ke bakin iyaka sai wannan ya zaci na wancan ne, wancan ya zaci na wannan ne.

Daga wajen 2012 aka shiga sabon tsari, da taimakon Gidauniyar Bill da Melinda Gates, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da ƙungiyar eHealth Africa wadda aka kafa a Kano a 2009. Aka ɗauko hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama, aka fitar da kowane gari da ƙauye da 'yan gidajen da ke warwatse cikin gonaki. Aka kuma riƙa ba ƙungiyoyin masu rigakafi wayoyi masu gane inda su ke a doron ƙasa, waya tana rubuta wurinta bayan kowane minti biyu. Da yamma a tattara wayoyin a juye abin da suka rubuta, a ɗora bisa taswira. Manyan garuruwa an yanka su murabba'i-murabba'i na mita 50, don a ga inda aka taka da inda aka tsallake.

Wannan duka gwanintar hannu ce, ba ƙarama ba kuwa. Amma a duba abin da ya rage bayanta a wuri kamar Gwarzo da Kabo. Gwarzo tana yamma da birnin Kano, tafiyar kamar kilomita 70, tana iyaka da Jihar Katsina. Mazaɓunta 10 ne, cikinsu har da Getso da Kutama da Lakwaya da Jama'a. Kabo tana gabas da ita, ita ma da mazaɓu 10, cikinsu har da Garo da Gude da Durun da Godiya. Hoton sama yana nuna rufin ɗaki da shinge da rumbu, amma ba ya faɗin sunan wuri. Sai da aka tura mutane ƙauye-ƙauye, tare da 'yan gari masu nuna hanya, suna tambaya suna rubutawa. Nan ne kuwa harshe ya shigo. Sunaye irin su Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Liman da Gidan Malam sun cika ƙasar Hausa, har a kan sami biyu ko uku cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Wani wurin kuma yana da suna biyu, na tsofaffi da na takardar gwamnati. Wani ana kiransa da sunan mai gidan da ya kafa shi, in ya rasu sunan ya koma na ɗansa. Rumbun da ya ɗauka cewa kowane wuri yana da suna ɗaya, kowane suna kuma na wuri ɗaya ne, zai haɗe ƙauyuka biyu ya mai da su ɗaya, yaran ɗayan su rasa magani.

Ga kuma maganar iyaka. Mazaɓa tsari ne na zaɓe da gwamnati. Talaka kuwa abin da ya fi sani shi ne mai unguwarsa da dagacinsa da hakiminsa, iyakokin nan biyu kuma ba kullum su ke dacewa ba. Haka nan rugar Fulani: hoton da aka ɗauka da rani yana iya nuna ta inda ba ta nan da damina. Sa'an nan waya tana iya shaida cewa an bi ta ƙofar gida, ba ta iya shaida an shiga, balle a ce an ɗiga wa yaro. Wanda ya san ƙasar ya san namiji baƙo ba ya wuce zaure, shi ya sa mata ke shiga cikin gidaje. Ya san kuma ranar da kasuwar Getso ta ke ci mutanen ƙauyukan kewaye suna can. Shakkar 2003 ma ba na'ura ta kawar da ita ba. Sarakuna da malamai ne, musamman bayan an kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009.

Da aka haɗa abin nan biyu, sakamako ya fito. Yawan waɗanda cutar ta kama ya sauko zuwa 53 a 2013, zuwa 6 a 2014. Na ƙarshe a Jihar Kano an same shi a Sumaila cikin Yuli 2014, na ƙarshe a Nijeriya kuwa a Borno a 2016. Ran 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a nahiyar Afirka, ko da ya ke ana ci gaba da rigakafi saboda wani nau'inta da ya kan ɓulla inda yara ba su sami magani sosai ba. Ba taswira kaɗai ta kawo wannan ba, amma ta taimaka, ta kuwa taimaka ne don an cika ta da abin da ke cikin kawunan mutanen gari.

Sunan mutum da baƙaƙen Hausa

Matsalar suna ba ta tsaya ga garuruwa ba. Takardun rajista na zamani, kamar na lambar banki da aka fara a 2014, da na lambar ɗan ƙasa, suna da gurbin sunan fari da gurbin sunan dangi, bisa al'adar Turawa. Bahaushe kuwa sunan yanka gare shi, sa'an nan a jingina shi ga ubansa. Sunan gari ya kan zama na ƙarshe tun zamanin rajistar makarantun farko, kamar Malam Aminu Kano, da Malam Muhammadu Gwarzo wanda ya wallafa Idon Matambayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar 1933. Ban da wannan, mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a takardar makaranta, Garba a gida, Habu a kasuwa, in kuma an haife shi ran Juma'a wani ya kira shi Ɗanjuma. Mace ma a al'ada ba ta ɗaukar sunan miji. Sa'ad da aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, aka kuma sa lambar cikin sharuɗɗan jarrabawar shiga jami'a a 2021, saɓanin suna tsakanin takarda da takarda ya zama abin da ke tsai da mutane da yawa. Na'ura ba ta san Garba shi ne Abubakar ba, sai in wanda ya tsara ta ya sani ya kuma gaya mata.

A nan ne kuma a ke ganin sanin fage shi kaɗai bai isa ba. Malamin Hausa ya san bambancin kafa da ƙafa, da na baki da baƙi. Ya san ƙamusun Bargery na 1934 da ɗigo a ƙarƙashin baƙi ya nuna waɗannan sautuka, daga baya cikin shekarun 1930 aka koma ga baƙaƙe masu lanƙwasa. Amma bai isa ya sa rumbun bayanai ya riƙe su ba tare da ya mai da su alamar tambaya ba, sai da wanda ya san tsarin Unicode, wanda ya ba kowane baƙi na harsunan duniya lambarsa tun daga 1991. Hamzar da ke cikin sunan Jama'a kuwa, a harshen da a ke yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ita ce alamar ƙarshen magana. In mai aikin sakarai ne, na'ura za ta karanta Jama ta tsaya, ta ɗauki sauran a matsayin umarni. Ta wannan kafa ce ma ɓarayi su kan shiga rumbunan da ba a tsare ba. Akwai kuma bukatar wanda ya nemi Danladi ya sami Ɗanladi da Dan Ladi gaba ɗaya, amma in an zo bugawa a bar wa kowa sunansa yadda ya rubuta. Malamin harshe shi ya san wannan bukata, gwanin na'ura shi ya san yadda za a biya ta.

Mudu da gona

Wanda zai yi wa manoman Kabo ko 'yan kasuwar Getso manhaja zai tarar da wani tarko cikin awo. Mudu da tiya da kwano awon cika ne, kilo kuwa awon nauyi. Tiyar gero da ta gyaɗa ba nauyinsu ɗaya ba, girman mudu kuma ya kan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Manomi da yawa in an tambaye shi abin da ya samu, da dami zai ba da amsa. Manhajar da ta sa lamba ɗaya ta juya kowane mudu zuwa kilo za ta fitar da farashi mai kyan gani wanda ba gaskiya ba ne. Irin wannan kuskure ba na ƙauye ba ne kaɗai. Cikin Satumba 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, don wani rukunin ma'aikata ya yi lissafi da awon Ingila, wani kuma ya karanta shi da awon mita.

Haka kalmar mai gona. Gona tana zuwa hannun mutum ta gado, ko saye, ko aro, ko haya, ko jingina. Cikin gida ɗaya akwai gandu da a ke nomawa tare, akwai gayauna ta ɗa ko ƙane. Polly Hill ta yi bayanin wannan tsari cikin littafinta na 1972 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina. In gurbi ɗaya ne kaɗai cikin takarda, wa za a rubuta? Wanda ya ba da jingina, ko wanda ke noman bana? Amsar ita za ta nuna wanda zai sami taki ko rance, mai manhaja kuwa ya riga ya yanke ta tun ran da ya buɗe gurbin, ko ya sani ko bai sani ba.

Yadda za a daidaita

Daidaitawar ba ta nufin a raba lokaci biyu a ba kowanne rabi. Abu ne na jeri. A shekarun farko gwanintar hannu ita ce gaba, gama wanda bai iya saƙa ba, sanin irin zanen da amarya ke so ba ya amfana masa kome. Amma ko cikinta akwai abin da ke daɗewa da abin da ke wucewa. Harsunan kwamfuta suna sauyawa: Fortran ya fito a 1957, C wajen 1972, Python a 1991, Java a 1995, kayan aikin da a ke yayi kuwa sun fi haka saurin tsufa. Abin da ba ya tsufa shi ne sanin yadda a ke tsara bayanai, da gwada aiki, da tsare shi, da yin manhajar da za ta yi aiki inda sabis ɗin waya ba shi da ƙarfi. Nan ya kamata ɗalibi ya zuba ƙarfinsa.

In hannu ya faɗa, sai mutum ya zaɓi fage ɗaya ya daɗe cikinsa. Hukuncin gado, da tsarin gandu, da yadda a ke aikin rigakafi, ba su sauyawa da saurin na'ura, saboda haka abin da aka tara cikinsu yana ƙaruwa shekara bisa shekara. Tun daga ƙarshen 2022 kuma an sami manhajoji masu iya rubuta umarni da kansu in an gaya musu abin da a ke so. Wannan ya rage darajar rubutun kawai, ya ƙara darajar sanin abin da za a nema, da iya duba abin da suka fitar. Na farkon sanin fage ne, na biyun gwaninta.

Akwai haɗari ta kowane gefe. Gwanin da ya raina fage ya kan zauna ofis a birni ya gina abin da ba wanda ya roƙa. Wanda kuma ya nutse cikin fage ya bar karatun sana'arsa, bayan 'yan shekaru sai ya zama ya san ciwo amma ba shi da magani. Ba a kuma bukatar mai manhaja ya zama likita ko alƙali. Abin da a ke bukata shi ne ya san isasshe har ya iya yin tambayar da ta dace, ya kuma gane lokacin da amsa ta saɓa wa abin da ya gina. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya rataya a kan malamai

Ga malaman kwalejojin horon malamai da na jami'a, akwai abin yi a fili. Kafin a sa ɗalibi ya rubuta umarni ko layi ɗaya, ana iya tura shi kasuwa ko ɗakin shan magani na ƙauyensu, ya tattaro kalmomi 30 da ma'aikatan wurin ke amfani da su, ya rubuta ma'anar kowacce kamar yadda su suka faɗa, ya kuma nemo inda mutum biyu suka saɓa a kan kalma ɗaya. Wurin saɓanin nan shi ne inda manhaja za ta karye. Wannan kuwa aiki ne da sassan nazarin Hausa suka daɗe suna yi. Da irinsa aka tara Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda ya fito a 2006. Abin da ya rage shi ne masu harshe da masu kwamfuta su riƙa zama wuri ɗaya, a fitar da ƙananan ƙamusoshi na awo, da na sunayen wurare, da na laƙabobin mutane, a cikin tsarin da na'ura za ta iya karantawa.

Yaron da ya tashi a Garo ko Kutama ya shigo aji da rabin ilmin nan a kansa, sau da yawa kuwa bai san ilmi ba ne, har ya kan ji kunyarsa gaban 'yan birni. Aikin malami ne ya nuna masa darajar abin da ya zo da shi, sa'an nan ya tsananta masa wajen koyon ɗaya rabin, har ya iya tsayawa gaban kowane gwani.